Kwas ɗin manufofin kuɗi ya rikita ni, abin da ke allo daban abin da ke kasuwa daban

Ɗalibar_aji_uku ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah waɗanda suka karanci ikonomis ko suke aikin banki ku taimaka min. Ina aji uku a jami'a, wannan semestar muna yin kwas ɗin ilimin kuɗi da aikin babban banki, kuma wlh ina son kwas ɗin sosai amma akwai abin da ya tsaya min a rai ya hana ni sakat.

A aji an koya mana cewa in farashin kaya ya tashi sai babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, bashi ya yi tsada, mutane su rage cin bashi su rage saye, sai farashi ya sauko. Malam ya zana mana shi a allo da kibiyoyi, na haddace tsaf, ko daga barci aka tashe ni zan zana. To sai na je na duba abin da ya faru a 2024. Babban bankin Najeriya, wato CBN, ya ɗaga MPR, wato kuɗin ruwan da yake yankawa, daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a watan Fabrairu kaɗai, ya yi ta ƙari har ya kai 27.5 a Nuwamba, amma a Disamba hauhawar farashi tana kashi 34.8 cikin ɗari. To ina saukowar?

Babana hatsi yake sayarwa a Dawanau tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa cin bashin banki ba ko na sisi, jarinsa daga hannun ubangidansa ya fito sai kuma adashi. Ran nan muna cin tuwon dare na tambaye shi me ya ɗaga buhun masara a waccan shekarar, ya lissafa min da yatsu: kuɗin mota, tsadar taki, manoman da 'yan bindiga suka hana shiga gona, sai baƙin da ke zuwa da sefa suna kwashe kaya. Ko sau ɗaya bai ambaci kuɗin ruwa ba, da na faɗa masa an ƙara ma cewa ya yi shi ina ruwansa.

Na ɗaga hannu a aji na tambaya, malam ya ce ka'idar ke nan in rubuta yadda aka koyar, lokaci kuma ya ƙure. To ni tambayata, wannan ilimin na Turawa ne kawai ba ya aiki a ƙasarmu, ko ni ce ban gane ba? Kuma me zan karanta bayan handawut? Don ina so in yi furojet ɗina na aji huɗu a kan wannan fannin amma ba na so in rubuta abin da ni kaina ban yarda da shi ba.

Tsohon_ma'aikacin_banki ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Na yi shekaru a banki kafin na yi ritaya, mafi yawa a ɓangaren ba da lamuni, kuma ina gaya miki babanki bai yi kuskure ba, malaminki ma bai yi ba, kowa dai inda yake tsaye yake hangowa.

Kibiyoyin nan da aka zana miki kamar bututun ruwa ne, daga babban banki zuwa bankuna, daga bankuna zuwa masu cin bashi, daga su zuwa kasuwa. To in mutum ba a jona gidansa da bututun ba, ko a buɗe famfo ko a rufe ba zai ji a jikinsa nan take ba. Babanki da dubban irinsa ba a jone suke ba. Waɗanda muke ba manyan basussuka 'yan ƙalilan ne, kamfanonin mai, masu masana'antu, masu shigo da kaya, gwamnatocin jihohi. Su ne in an ƙara MPR kafin sati biyu wasiƙa ta iske su cewa ruwan bashinsu ya ƙaru, na sa hannu a irin wasiƙun nan ban san iyaka ba. Kuma abin da mai masana'anta yake fara yi ba rage farashi ba ne, ɗora ƙarin yake a kan kayansa, don haka a watannin farko ma sai ki ga kamar abin gaba ya yi.

Sannan akwai abin da nake so ki duba da kyau, wato CRR, kason ajiyar jama'a da dole kowane banki ya damƙa wa babban banki ya ajiye. A Satumba 2024 an kai shi kashi 50 cikin ɗari. Ma'ana in kika ajiye naira dubu goma, dubu biyar ta tafi Abuja ta kwanta, banki ba ya juya ta. Mu da muke ciki wannan ya fi MPR ɗin damunmu nesa ba kusa ba. Sauran da ya rage kuma, lokacin da takardun bashin gwamnati na shekara ɗaya ke biyan sama da kashi 20 ba tare da fargabar komai ba, wane manaja ne zai bar wannan ya bi ɗan kasuwar da ba shi da takardar fili ta jingina? Ki riƙe wannan, za ki gan shi a littafi an ce bashin gwamnati na ture 'yan kasuwa gefe, ni da idona na gan shi a ɗakin taro.

Wani abu kuma, a littafi za a ce miki mutane ne ke kawo ajiya sannan banki ya ba da bashi daga ciki, a ba ki lissafin ɗaya bisa CRR. Ki koya don jarabawa. Amma a aikace ranar da muka amince da bashi, ma'aikaci ne kawai zai shigar da adadin a asusun mutum ta kwamfuta, kuɗin da babu shi da safe ya samu da yamma, sai daga baya sashen baitulmalin banki ya nemo abin da zai cike. Bashin ne ke haifar da ajiyar. Babban bankin Ingila da kansa ya fitar da bayani a kan haka a 2014, ki nemo shi a intanet ba shi da tsawo.

Na ƙarshe, kada ki ce babanki yana wajen ka'idar gaba ɗaya. Ki tambaye shi me ya sa in ya samu kuɗi da kaka yake mayar da su buhuna ya zuba a sito maimakon ya kai asusun ajiya. Doka ta ce mafi ƙarancin ruwan asusun ajiya shi ne kashi 30 cikin ɗari na MPR, to a ƙarshen 2024 da MPR yake 27.5 kin ga takwas da ɗan ɗoriya ke nan, alhali a lokacin kaya na tashi da fiye da talatin. Wanda ya ajiye naira asara yake ci kullum, wanda ya ajiye masara ya tsira. Abin da masana tattalin arziki irin su Keynes da Friedman suka yi bayani a kai ke nan, me ke sa mutum ya riƙe kuɗi ko ya rabu da su, babanki yana aiki da shi kowace kaka bai dai sa masa suna ba.

Abu_Hanifa_Gusau ya rubuta:

Slm. Ni wani gefe nake son taɓawa, afuwan in na kauce. Ƙanena ma ikonomis yake son karanta amma mahaifinmu ya ce ilimin riba ne, tunda komai kuɗin ruwa kuɗin ruwa. 'Yar'uwa ke ba ki samu wannan matsalar a gida ba? Baba tsohon ma'aikacin banki me za ka ce?

Tsohon_ma'aikacin_banki ya rubuta:

Ɗana, hukunci na malamai ne, ku kai musu. Abin da na sani dai, sanin yadda abu ke aiki daban cinsa daban. Kuma waɗanda suka tsaya aka samu bankin da ba ruwa a ƙasar nan sai da suka san wannan ilimin ciki da bai. A zamanin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan CBN aka fitar da ƙa'idojin, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun lamuni marasa ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi. Har yau tambayar yadda babban banki zai janye kuɗi ko ya zuba a bankin da ba ya karɓar ruwa tana neman masu ilimi, in yaranmu suka guje wa fannin wa zai amsa ta? Ka gaida mahaifin naku.

Mai_digiri_na_biyu ya rubuta:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, nima irin wannan tambayar ce ta hana ni barin fannin. Baba ya yi bayani mai kyau amma da izininsa zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya, don kar ki tashi da tunanin cewa ƙarin kuɗin ruwan bai taɓa Dawanau ba. Ya taɓa, ta ƙofar dala ya shigo ba ta ƙofar bashi ba.

Ki koma baya kaɗan kafin 2024. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira, dala da take wajen 460 a hukumance ta wuce 1,500 a Fabrairu 2024. Taki, dizal, kayan gyaran tirela, maganin feshi, dukansu da dala ake shigo da su ko ake musu farashi. Wato uku daga cikin abubuwa huɗun da babanki ya lissafa miki da yatsu, kuɗin mota da taki da masu zuwa da sefa, duk maganar darajar naira ce. To babban dalilin wancan tsallen da MPR ya yi a Fabrairu shi ne a sa riƙe naira ya yi riba, masu zuba jari daga waje su kawo dala su sayi takardun gwamnati, mu na gida mu rage rububin zuwa Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano. Na huɗun ne, rashin tsaro, babu abin da MPR zai yi masa ko an kai shi ɗari, kuma a tsohon kwandon kayan da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ke auna farashi da shi abinci ya fi rabi, shi ya sa aikin babban banki a nan ya fi na Ingila wuya.

Na biyu, ki cire 34.8 daga 27.5 ki ga abin da zai ba ki. Ƙasa da sifili ne da wajen bakwai. Ruwan da aka cire masa hauhawar farashi shi ne na gaskiya, kuma shi ka'idar take magana a kai. Akwai lissafin da John Taylor ya kawo a 1993, gundarinsa shi ne in hauhawa ta ƙaru da ɗaya to ruwa ya ƙaru da fiye da ɗaya, in ba haka ba ba ka taka burki ba tukuna. Paul Volcker, shugaban babban bankin Amurka na wancan lokacin, sai da ya kai ruwa kusan kashi 20 lokacin da hauhawarsu ba ta kai 15 ba, kuma ya ɗauki shekaru daga 1979 zuwa 1983 kafin abin ya lafa, mutane da yawa suka rasa aiki a tsakani. Don haka kwatanta Nuwamba da Disamba bai isa ba, maganin nan yana jimawa kafin ya kama jiki.

Na uku kuma shi ya fi damuna, kuma da wuya ki gan shi a handawut. Dokar CBN ta 2007 ta ce bashin wucin gadi da bankin zai ba gwamnatin tarayya kar ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar da ta samu a shekarar baya. Amma bashin ya taru har naira tiriliyan 22.7, majalisar dattawa ta amince a mayar da shi takardun lamuni na dogon zango a Mayu 2023. Wannan sabon kuɗi ne aka zuba cikin tattalin arziki shekara da shekaru ba tare da an ƙara noma ko ƙera wani abu daidai da shi ba. Ki ɗauko lissafin Fisher da aka koya miki a aji biyu, MV=PT, wato yawan kuɗi (M) sau saurin yawonsu (V) daidai yake da farashi (P) sau yawan ciniki (T), ki sa wannan a gefen M ki gani ko ka'idar ta yi ƙarya. Ni a ganina babu ƙasar da ta fi tamu gaskata ta. Duk surutun 'yancin babban banki da za a yi miki a ƙarshen semesta a kan wannan ne.

Kuma in kina son ganin M da V da idonki ki tuna farkon 2023 lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1000. Tsabar kuɗin da ke yawo ta sauko daga sama da tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1 a Fabrairu, sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A kasuwar ƙauyenmu na ga akuya ɗaya da farashi biyu, na mai tsaba da na mai tiransifa, mai tsaba yana saye da araha sosai saboda mai akuyar ba shi da asusu kuma yana son cefane a ranar. Masu POS kuma naira suke sayar da naira. Wannan kaɗai furojet ne, ki tambayi babanki da abokansa yadda suka yi ciniki a watannin nan.

Abin karantawa: ki shiga shafin CBN, bayan kowane zaman MPC, kwamitin da ke yanka kuɗin ruwa, suna sa sanarwar bayan taro, daga baya kuma su sa bayanin kowane mamba shi kaɗai, dalilin da ya sa ya zaɓi a ƙara ko a bari. Kujeru 12 ne a kwamitin bisa doka kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Ki karanta na zama biyu ko uku da biro a hannu, duk kalmar da ba ki gane ba ki koma littafi, wlh ya fi ki haddace babi biyar. Alƙaluman shekaru kuma suna cikin kundin ƙididdigar da suke fitarwa duk shekara, kyauta ne. Abu ɗaya da za ki kiyaye, a farkon 2025 NBS ta sabunta ma'aunin, adadin Janairu ya koma 24.48, kar ki haɗa tsohon layi da sabo a girafi ɗaya ki ce farashi ya faɗo da goma cikin wata guda, sufabaiza zai dawo miki da shi. Kuma ki dage da lissafi da ikonometiris tun yanzu, a digiri na biyu su ne ke kada mutane.

Ɗan_Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni a Yamai na yi lisans, wato digiri na farko, kuma wannan zance ya yi mini daɗi ƙwarai don mu matsalarmu kishiyar taku ce. Ku kuna kukan babban bankinku ya ƙara ruwa farashi bai sauka ba, mu ko namu bankin ba ya cikin ƙasarmu. Babban bankinmu BCEAO a Dakar yake, ƙasashe takwas muke tarayya a kansa, kuma sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. A 2024 da kuke 27.5 namu ruwan 3.5 ne, kuma burin bankin shi ne hauhawa ta tsaya tsakanin 1 da 3.

'Yar'uwa, akwai darasin da za a yi muku na Mundell da Fleming, cewa ƙasa ba za ta haɗa abu ukku ba: ta ɗaure kuɗinta da na wata, ta bar jari yana shiga yana fita, kuma ta riƙa yanka wa kanta kuɗin ruwa yadda take so. Dole ta saki ɗaya. Mu mun saki na ukkun, ku kun saki na farkon. In kin zo nan kada ki haddace shi kamar karatun allo, ki tuna hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Lokacin da naira ta faɗi, mai jikka goma ta sefa in ya canza sai ya ga hannunsa ya cika, ya shiga Katsina ko Kano ya lodo hatsi, su ne baƙin da babanki yake faɗi, cikinsu har da dangina. Ba wayo suka fi kowa ba, tsarin kuɗi biyu ne suka haɗu a kasuwa guda.

Amma kar a ɗauka mu muna cikin daɗi. Iyayenmu har yau suna zancen Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, magani da duk kayan waje suka ninka. Kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka sa muna takunkumi, an rufe wa gwamnati asusunta a babban bankin, tsabar kuɗi ta yi wuya a bankuna, mutane suna layi tun asuba. Ranar nan ɗalibai da yawa suka gane abin da ake nufi da ƙasa ta mallaki kuɗinta. Muhawarar tana nan da zafi wajenmu, wasu na cewa a fita a buga namu, wasu na nuna naira suna cewa ku duba maƙwabta tukuna. Ni ina ganin in za a fita to sai an fara samun dokar da za ta hana gwamnati sa hannu a aljihun bankin, irin abin da ɗan'uwa mai digiri na biyu ya faɗa na tiriliyan 22.7 shi nake tsoro.

In da ni ne ke, furojet ɗina kwatanta farashin gero a Dawanau da Maraɗi zan yi tare da canjin naira da sefa, wata-wata.

Ɗalibar_aji_uku ta rubuta:

Kai, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wlh ban zaci zan samu haka ba. Baba na gode, jiya da daddare na yi wa babana tambayar sito ɗin, ya yi dariya ya ce kuɗi a banki ƙanƙara ce a rana, hatsi kuwa ko bai ƙaru ba ba ya narkewa sai dai ƙwari, su ma akwai magani. Na rubuta maganar a bayan littafina. Ya kuma ce yana da tsofaffin littattafan cinikinsa tun na 2019 a cikin akwati, kowane buhu da ranar da aka saya da farashinsa, zai ba ni in duba.

Yaya mai digiri na biyu na sauke bayanan mambobin na Fabrairu 2024, na fara karantawa, Turancin da nauyi amma ina bi a hankali. Tambaya ɗaya, in zan bi shawarar Malam na Maraɗi, canjin hukuma zan ɗauka ko na kasuwar bayan fage? Don kafin Yuni 2023 tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Yaya Abu Hanifa ni babana bai hana ni ba, cewa ya yi dai in na gama in nemi inda ba ruwa.

Mai_digiri_na_biyu ya rubuta:

Na bayan fage ƙanwata, don da shi 'yan Dawanau da 'yan Maraɗi suke ciniki, ba wanda ya taɓa samun dala a 460 a cikinsu. Ki sa na hukuma a gefe don kwatance, ki rubuta dalilinki a babi na uku. Littattafan babanki kuwa ki ɗauki hoton kowane shafi da waya tun yau kafin ki fara shigar da su kwamfuta, kuma ki tambaye shi nauyin buhun kowace shekara don wani lokaci mudu nawa ke cikin buhu yana canzawa. Sannan ki kai wa sufabaiza maganar da wuri kafin a raba taken furojet.